Manyan kantuna biyu za su shigo yankinmu: in zauna ko in bi sababbi?

Mai Kula da Firji ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Akwai abin da ya tsaya mini a rai kwana biyun nan, na ce bari in kawo shi nan, don na san akwai waɗanda suka daɗe a harkar fiye da ni.

Shekarata 9 ina aiki a wani kamfanin manyan kantuna na yankinmu. Ba zan kama suna ba. Rassa 23 gare mu, duka a yanki ɗaya, sito guda ne ke ciyar da su, kuma har yau 'ya'yan wanda ya kafa kamfanin ne ke riƙe da shi. Da sauke kwalaye daga tirela cikin dare na fara. Yanzu ni ke kula da ɓangaren kayan sanyi a reshenmu, wato madara, ƙwai, nama, da duk abin da in kwanansa ya cika a kan kanta sai kwandon shara. Yara shida ne a ƙarƙashina.

Wata huɗu da suka wuce muka wayi gari an kafa allo a filin da ke tsallaken titinmu. Ɗaya daga cikin kamfanonin nan masu araha ne, irin waɗanda ke ajiye kaya a cikin kwalinsu ba sai an jera ba. Ba a yi wata guda ba muka ji wani kamfanin, na masu hannu da shuni, mai wurin cin abinci a cikin kanti, shi ma ya kama gini a ɗaya gefen garin. Tun ba su aza bulo ba muka fara ji a jikinmu. An sauke farashin madara da ƙwai da burodi, an hana aikin ƙarin lokaci, an rage wa yarana biyu kwanakin aiki, amma kuma an samu kuɗin yi wa gaban kanti sabon fenti. Manajanmu da a da sai ya wuni a ofis, yanzu kullum yana tsaye a bakin ƙofa yana gaisawa da kwastomomi.

Makon jiya masu arahar suka kira ni. Albashin da suka faɗa ya ɗara nawa da kusan kashi ɗaya cikin biyar, sun ba ni zuwa Juma'a ta sama. Maiɗakina ta ce in karɓa tun kafin rufi ya faɗo mana. Tsohon maigidana da ya koya mini aikin ya ce in zauna, baƙo raɓa ne.

Abin da nake so in fahimta: idan haka ta faru a wani wuri, wa ke faɗuwa, ɗan gida ko baƙo? Sannan me ya sa suke tahowa lokaci guda kamar an yi musu shela? Mutanen yankin ba su ninka ba, cikinsu ma bai ƙara girma ba. Wa zai sayi duk wannan madarar?

Tsohon Akanta ya rubuta:

Wa alaikumus salam, ƙanena. Na yi shekaru ina riƙe da littafin irin wannan kamfani kafin in ajiye aiki, saboda haka bari in fara da lissafi, sauran su biyo baya.

Babban kantin kayan abinci ribarsa siririya ce ƙwarai. Bayan an biya masu kawo kaya, haya, wuta, albashi da haraji, abin da ke saura yakan tsaya tsakanin kashi 1 zuwa 3 cikin 100 na ciniki. Kuma yawancin kuɗin da kanti ke kashewa ba ya raguwa don ciniki ya ragu. Firjinka na shan wuta iri ɗaya ko mutum dubu ne suka shigo ko ɗari takwas. Saboda haka baƙon ba ya bukatar ya kwashe muku kwastomomi duka. Idan ya ɗauke ɗaya cikin kowane goma, reshen da ke riba jiya ya koma faɗuwa yau. Wannan ita ce amsar tambayarka ta madara. Ba wanda ya zo da niyyar mutane su ƙara sha. Kowa ya zo ne da lissafin cewa wani zai rufe, kuma yana fatan ba shi ba ne.

Batun zuwansu tare kuwa, takardu iri ɗaya suke karantawa: inda ake gina sababbin gidaje, inda albashi ke hawa, inda ɗan gida ya daɗe ba shi da abokin karawa har farashinsa ya ɗan yi tsada. Ga shi filaye masu kyau a mahaɗar titi ba su da yawa, wanda ya makara sai ya ɗauki na lungu. Har akwai masu kulle fili don kawai kada wani ya samu. A Afirka ta Kudu manyan kantuna sun daɗe suna sa sharaɗi a yarjejeniyar haya cewa mai ginin ba zai ba abokin hamayyarsu wuri ba, sai da hukumar kula da gasa ta yi bincike, ta fitar da rahoto a 2019, sannan Shoprite da Pick n Pay suka yarda su janye wannan sharaɗin.

Misalin da ya fi kama da naka shi ne na kudu maso gabashin Amurka. Ranar 15 ga Yuni 2017 Lidl, na ƙasar Jamus, ya buɗe kantunansa na farko a jihohin Virginia da Carolina ta Arewa da ta Kudu. Washegari Amazon ya sanar zai sayi kamfanin kantunan abinci na Whole Foods a kan dala biliyan 13.7. Publix ya riga ya hauro daga Florida, Wegmans na gangarowa daga New York, Aldi da Walmart dama suna nan. To wa ya fara ficewa daga yankin Raleigh da Durham a Carolina ta Arewa? Kroger, ɗaya daga cikin mafiya girma a ƙasar. A 2018 ya bar kantunansa 14 a can, ya miƙa 8 ga Harris Teeter, wanda shi ma nasa ne. Girmansa a ƙasa bai cece shi ba, domin a wannan yankin shi ne na tsakiya. Bai kai Aldi araha ba, bai kai Wegmans burgewa ba. Shi ma Lidl ɗin bai samu yadda ya so ba: ya ce zai kai kanti 100 cikin shekara guda, kusan rabi ya iya buɗewa a wannan lokacin.

Maigidanka yana da hujja da ya ce baƙo raɓa ne, don baƙi da yawa sun sha ƙasa. Walmart na Amurka ya shiga Jamus a 1997 ta hanyar sayen Wertkauf, shekara ta gaba ya ƙara da Interspar. Ya tarar da Aldi da Lidl sun riga sun matse farashi har ba sauran inda za a matsa, ga dokar ƙasar ta hana babban kamfani ya riƙa sayar da kaya ƙasa da yadda ya saro su. A 2006 ya sayar wa Metro kantunansa 85 ya tafi, da asarar kimanin dala biliyan ɗaya. Tesco na Ingila ya buɗe Fresh & Easy a yammacin Amurka a ƙarshen 2007, ya gina katafaren sito a Riverside da ke California, sai rikicin tattalin arziki na 2008 ya faɗa kan unguwannin da ya zaɓa. Kantunan sun tsaya a wajen 200, ba su isa su ɗauki nauyin siton ba. A 2013 ya haƙura, bayan asarar fiye da fam biliyan ɗaya. Kaufland na Jamus kuwa ya sayi filaye a Ostareliya, ya ɗauki ma'aikata, ya fara gini, sannan a Janairun 2020 ya fasa tun bai sayar da ko ƙwai ɗaya ba. Ka tuna da waɗannan ma'aikatan, wasunsu aiki suka bari suka je.

Amma kada ka ɗauka ɗan gida a tsare yake. Abin da na fi ganin yana kashe shi shi ne ruɗewa. Ya ga baƙo sai ya ci bashi ya hau buɗe rassa don a ce shi ma yana nan. Haggen ƙaramin kamfani ne na jihar Washington mai kanti 18. Da Albertsons da Safeway za su haɗe, hukuma ta tilasta musu sayar da wasu kantuna, Haggen ya kwashi 146 a 2015, ya wayi gari da 164, har a California da Arizona inda ba a san sunansa ba. Kafin ƙarshen watan Satumban shekarar ya shigar da takardar karayar arziki.

Saboda haka ni ba zan ce maka tafi ko zauna ba tukuna. Ka bincika mana abu biyu. Kamfaninku na da bashi mai nauyi? Gine-ginen rassanku nasa ne ko haya? Ɗan gida mai ginin kansa, marar bashi, zai iya shanye shekara uku na ƙarancin riba. Mai haya da bashi wata goma sha biyu ma ta yi masa yawa.

Direban Dare ya rubuta:

Baba Akanta ya yi bayani, Allah ya ƙara lafiya. Ni nawa gajere ne, daga bayan sitiyari.

Ɗan'uwa, ka bar kallon allon da suka kafa, ka tambayi inda sitonsu yake. Shekara 14 ina jan tirelar sanyi, kuma tun daga yadda ake loda mota nake gane kamfanin da zai daɗe. Idan na fita da mota cike, na sauke a rassa huɗu da ke kusa da juna, na dawo kafin azahar, wannan kamfani na cin riba. Idan aka tura ni tafiyar awa bakwai saboda reshe ɗaya tilo, mota rabi, injin sanyi na shan mai tun daga fita, to duk kwalin madarar da ke ciki ya riga ya yi tsada kafin ya sauka, kuma ya bar kwana ɗaya na rayuwarsa a kan hanya. Kai da ke duba kwanan wata a jikin roba ka fi ni sanin darajar kwana ɗaya.

Walmart da kansa haka ya girma a farko. Sito a Arkansas, kantuna kewaye da shi inda mota za ta kai cikin yini guda, sai an cike wannan da'irar a matsa gaba. Da Lidl zai shiga Amurka, sai da ya tanadi sito a Virginia da Carolina ta Arewa, wani kuma a Maryland. Wanda ya zuba kuɗi haka ba yawon buɗe ido ya zo ba.

Amma sito kaɗai ma bai isa ba in tsari ya rikice. Target na Amurka ya shiga Kanada a 2013, ya buɗe kanti 133 a ƙasa da shekara biyu. Kaya maƙare a sito, kanta a kantuna wayam, saboda bayanan kayan da aka shigar a kwamfuta cike suke da kuskure. A farkon 2015 ya rufe duka, mutum fiye da 17,000 suka rasa aiki.

Ka samu direbansu ko mai gadin wurin ginin ka ja shi da hira. Su ne ke da labarin, ba wanda ya kira ka a waya ba.

Hajiya Mai Kawo Kaya ta rubuta:

Sannunku da hira. Ɗana, duk sun yi maka maganar kamfani da kamfani, ni bari in faɗa maka wanda ke biyan kuɗin wannan yaƙin, don na biya.

Ina da ƙaramar masana'anta, ina kai wa manyan kantuna kaya shekara da shekaru. Ranar da ka ga an rubuta ragi da jan alƙalami a kan kanta, sau da yawa ba daga aljihun kantin ya fito ba. Waya ake yi mana. A ce Hajiya, za mu yi rangwame na mako biyu, ki sauke mana kaza. Ko a ce za a buɗe sabon reshe, kowane mai kawo kaya zai ba da lodin farko kyauta. Ko kuɗin wuri a kan kanta ya tashi, in ba ki biya ba a mai da kayanki can ƙasa inda sai an sunkuya. In kin ƙi, akwai mutum biyar a layi.

Wanda ya fi ciwo shi ne jinkirin biya. Kanti na sayar da kayana cikin kwana goma ya karɓi kuɗi a hannu, ni kuma sai bayan kwana 30 ko 60 a biya ni. Tsakanin nan kuɗina ne yake juyawa. Mai hankali yana riƙe su amana. Marar hankali yana ɗauka ya gina sabon reshe da su, yana ganin cinikin gobe zai biya bashin jiya. Da baƙo ya shigo ciniki ya ɗan ja baya, sai asiri ya tonu. Wani kamfani da ba zan ambata ba ya tafi da kuɗin lodina uku a haka, har yau takardun na cikin durowa.

Ka dubi Kenya. Nakumatt ya kai rassa fiye da 60 a gabashin Afirka, shi ne gagarabadau. Tun kafin kotu ta naɗa masa mai kula a farkon 2018, masu kawo kaya sun daina kai masa saboda bashi, mutane na shiga suna tarar da kanta ba komai. A 2020 aka rufe shi baki ɗaya. Tuskys ya bi sahunsa. Mutane sun ɗauka baƙi ne za su gaje kasuwar. Carrefour na Faransa, da ya shigo a 2016, ya zauna kam, amma Shoprite ya shigo a ƙarshen 2018 ya sanar da ficewa a 2020, Choppies na Botswana ma ya tattara ya tafi. Wuraren da aka bari da yawa Naivas da Quickmart ne suka shiga, kuma 'yan gida ne. Shi ma Carrefour ɗin, a Disambar 2023 hukumar kula da gasa ta Kenya ta ci kamfanin da ke tafiyar da shi tarar fiye da shilin biliyan ɗaya kan matsa wa masu kawo kaya. A Ingila har ofis na musamman aka kafa a 2013 don sa ido a kan yadda manyan kantuna ke mu'amala da mu, kuma a 2016 ya samu Tesco da jinkirta biya da gangan.

Kai da ke karɓar kaya a ƙofar baya, ma'aunin yana hannunka. Manaja zai iya yin fenti, zai iya murmushi a bakin ƙofa, amma ba zai iya ɓoye maka cewa mai kawo nama ya fara cewa sai an biya na baya zai sauke na yau ba.

Ɗan Kashiya ya rubuta:

Baba Akanta, da girmamawa, amma ka tsinto mana waɗanda suka faɗi ne kawai. Ina labarin Ingila? Aldi ya shiga a 1990, Lidl a 1994. Manyan can suka raina su, suna ganin kantin talakawa ne da ba zai wuce lungu ba. Shekara kusan ashirin suna lallaɓawa. Da rayuwa ta yi tsada bayan 2008, masu motoci masu kyau suka fara fakawa a ƙofarsu. A 2022 Aldi ya ture Morrisons ya zama na huɗu a ƙasar, yanzu su biyun sun doshi kashi ɗaya cikin biyar na kasuwar. Ɗan hakin da ka raina kenan. Kuma bambancinsu da Tesco a Amurka shi ne ba su cikin kasuwar hannun jari, ba mai tsare su duk wata uku yana tambayar ina riba. Suna iya jira.

Yaya Mai Firji, na yi shekara uku a irin kantin da ya kira ka, a wani kamfani dai. Albashin gaskiya ne, ba yaudara. Sai dai ka san abin da za ka sayar musu. Kantin da ka saba yana ɗauke da kaya iri dubu talatin ko fiye. Nasu bai cika wuce dubu biyu ba, kuma mafi yawa tambarin kamfanin ne a jiki. Shi ya sa mutum huɗu ko biyar ke riƙe kanti guda. Babu wani mai kula da ɓangare da yara shida a ƙarƙashinsa. Da asuba kai ne mai jan kaya daga mota, ƙarfe tara kana kan na'urar kuɗi ana ƙirga kaya nawa kake wucewa da su a minti, da rana kana goge ƙasa. Nama a naɗe yake zuwa, ba yanka, ba mai tambayarka wanne ya fi taushi. Abin da ka koya a shekara 9, rabinsa ba za su bukata ba.

Sannan a watan buɗewa sukan ɗauki mutane da yawa saboda cunkoso. Bayan wata uku, ɗoki ya kwanta, sai a fara rage awanni. Ka tabbata an rubuta maka mafi ƙarancin awannin mako a takarda, ba albashin awa kaɗai ba.

Ni da zan ba ka shawara, ɗaya kamfanin za ka nema, na masu kuɗin. Su ne ke bukatar wanda ya san kayan sanyi.

Mai Kula da Firji ya rubuta:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kwana uku ban leƙo ba saboda na tafi aikin da kuka ba ni.

Malam Direba, na bi shawararka. Mai gadin filin ya ce sayen filin suka yi, ba haya ba, kuma tirelolin da ke kawo musu ƙarfe daga wani babban gini suke zuwa da ake yi a kan babbar hanya, tafiyar awa biyu daga nan. Na tambayi wani direba, ya ce siton ne, kuma an ce rassa goma sha wani abu za a zuba a kewayensa. To wannan baƙon dai da tabarmarsa ya zo.

Baba Akanta, na samu wata a ofishin kuɗi da muke mutunci. Rassa 15 ginin kamfani ne, 8 haya, namu na cikin na hayar kuma yarjejeniyar saura shekara biyu. Bashi ta ce akwai amma ba mai tayar da hankali ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda ta faɗa da ƙaramar murya: 'ya'yan marigayin ba bakinsu ɗaya ba, biyu na so a sayar tun kamfanin na da daraja, babban ya ƙi. Sai na tuna wata biyu da suka wuce wasu mutum uku sun zo da kwat, suka shiga har ɗakin sanyi suna auna faɗinsa, manaja ya ce mana 'yan inshora ne.

Hajiya, mai kawo nama bai ce komai ba tukuna. Amma mai madara ya ce a da bayan kwana 30 ake biyansu, tun watan jiya an mai da shi 45, an ce gyaran tsari ne.

Ɗan Kashiya, maganarka ta shige ni. Gwiwata ta hagu ba ta son tsayuwar dogon lokaci tun da na zame a ɗakin sanyi shekara biyu da suka wuce, ban faɗa wa masu arahar ba. Na je wajen ɗaya kamfanin, an ce sai nan da wata biyar za su fara ɗaukar ma'aikata. Su kuma waɗancan Juma'a suke jira.

Tsohon Akanta ya rubuta:

Ɗan Kashiya, na karɓi gyara, ka yi gaskiya a kan masu iya jira.

Ƙanena, 'yan inshora ba su cika auna ɗakin sanyi ba. Ina zaton ciniki ake, kuma wannan ce hanya ta uku da ban ambata ba: ɗan gida bai faɗi ba, bai kuma ci ba, an saye shi. A Richmond ta Virginia akwai Ukrop's, kantin wani gida tun 1937, ba sa buɗewa ran Lahadi, ba sa sayar da giya, kuma sun daɗe suna kan gaba a garin. A 2010 suka sayar wa Ahold na ƙasar Holan, aka sauya suna zuwa Martin's. Shekara bakwai bayan nan Martin's ma ya bar garin, Publix ya karɓi goma daga cikin kantunan, sauran aka rufe. Gini ɗaya, allo uku.

A irin wannan cinikin, waɗanda na ga an fara sallama su ne irina, mutanen hedikwata, don mai saye yana da akantocinsa. Mutanen ɓangaren nama da madara akan so a riƙe su. Matsalarka ita ce reshenku haya ne, saura shekara biyu, kuma mai araha na tsallaken titi. Idan mai saye zai zubar da wasu rassa, irin naku yake fara dubawa.

Kafin Juma'a ka ɗauko takardar ɗaukarka aiki ka karanta abin da ta ce game da haƙƙin shekarunka idan an sayar da kamfani, da kuma idan kai ka ajiye da kanka. Shekara 9 ba wasa ba ce, ka lissafa ta da kuɗi ka ajiye kusa da ƙarin da aka yi maka tayi. Sannan ka nemi a mai da kai ɗaya daga cikin rassa 15 ɗin, ko da zai ƙara maka tafiya. Yadda manaja zai amsa wannan roƙon ma labari ne.

Mai Kula da Firji ya rubuta:

Na duba takardar, Baba. In na ajiye da kaina, rabi zan samu. Na rubuta neman canjin reshe na miƙa yau da rana, manaja ya karanta sau biyu, ya ce in ba shi zuwa Alhamis, bai tambaye ni dalili ba. Masu arahar kuma na roƙe su ƙarin mako guda, sun ce za su kira ni. Motar nama na zuwa ƙarfe huɗu na asuba, ni zan karɓe ta da kaina.